Wanda Ya Saci Masarar Malam

Ban gama sakandare ba. A aji huɗu na tsaya, ana saura mako biyu jarrabawar ƙarshen shekara. Idan aka tambaye ni dalili sai in ce talauci, don daga nan ba wanda ke ƙara tambaya. Amma ƙarya ne. Babana lebura ne a gonar jami'a a Samaru, kuma ko sau ɗaya bai taɓa cewa in zauna a gida ba. Masara ce ta fitar da ni, guda shida.

Muna da wani malamin noma. Bahaushe ne, Kirista, daga wani ƙauye can bayan Giwa. Dogo, baƙi, da keke mai ƙararrawa da ba ya rabuwa da shi. Ban taɓa ganin babban mutum da duniya ke yi wa daɗi kamarsa ba. Yana noma yana rera waƙoƙin cocinsu da Hausa, har mu Musulmi muka haddace ba mu sani ba. Idan ana ƙwallo sai ya naɗe ƙafar wando ya shigo, a kayar da shi, ya tashi yana dariya. Ranar da ruwan farko ya sauka muna cikin darasi, ajiye alli ya yi ya ce kowa ya fito ya shaƙi ƙasa, wai wannan ba ya cikin littafi kuma sau ɗaya ake samu a shekara.

Kowane ɗalibi ya ba shi kunya ɗaya a lambun makaranta. Mu duk mun ɗauka wanda shukarsa ta fi tsayi shi zai ci maki. Ashe ba nan yake kallo ba. Yana kallon wa ya taka kunyar maƙwabcinsa don ya yanke hanya, wa ya mayar da fartanya da laka a jiki, wa ya zuba wa ta wanda ba shi da lafiya ruwa. A katin sakamako akwai wurin da ake rubuta halin yaro. Sauran malamai kalma ɗaya suke sawa su wuce. Shi kuwa sai ya cika wurin, ya gangaro gefen takarda da ƙananan rubutu, har iyaye su riƙa juya katin suna bi.

Ni tun ina ƙarami ba na iya zama wuri ɗaya. Minti goma a kan benci sai in ji kamar tururuwa na bin ƙafata. Na sha bulala a kan haka ba adadi. Malam shi kaɗai bai taɓa dukana ba. Sai dai ya aike ni: ɗebo ruwa, kai wannan ofis, duba min ko akuya ta shiga lambu. Wata rana muna ɗaure shinge ya ce da ni, “Rashin zamanka ba laifi ba ne. Ka je ko'ina, ka ga komai, ni ma da na samu da na yi. Abu ɗaya nake so ka koya kafin ka bar hannuna. In ka yi abu, ka iya tsayawa ka ce ni ne.”

Na ce to, Malam. A lokacin ina jin yunwa ne kawai.

Abokina na kusa a ajin ɗan Sabon Gari ne. Iyayensa daga gabas suka zo, amma a nan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Yana ce min Malo, ina ce masa Nyamiri, ba wanda ke jin haushi. Babansa na sayar da kayan gyaran babur a kasuwa, dattijo ne a cocinsu, mutum mai tsauri wanda ko dariya sai ya duba wa ke kallo. Kullum yaron nan sai ya hau bas daga Sabon Gari zuwa Samaru, don uban ya ji an ce makarantarmu akwai tarbiyya.

A wannan shekarar wani abokin Malam da ke aikin bincike ya ba shi irin masara mai nuna da wuri, ɗan kaɗan a ƙullin leda. Malam ya shuka a kusurwar lambu. Da ta fara goyo sai ya rufe kowane goyo da jakar takarda mai ruwan ƙasa, ya rubuta lamba a jiki, don kada iska ta kawo garin furen wata masarar ya gurɓata irin. Da hannunsa yake yi musu barbara, da sassafe. Ya ce ba ta ci ba ce, ta iri ce. In ta bushe zai raba wa kowa ya kai wa iyayensa.

Wata Juma'a an tashi da wuri, abokina ya bar min jakarsa ya tafi ƙwallo. Na zagaya ta bayan lambu. Wallahi ban fito da niyya ba. Na ɗaga takarda ɗaya don in gani, na ɓare kaɗan, na danna da farce, ruwa fari ya fito. Shi ke nan. Na bi layi ina dannawa, wadda ta yi in murɗe, wadda ba ta yi ba in mayar mata da hularta. Guda shida na zuba a jakar abokina. Na hura wuta da kara a bayan katanga, na ci huɗu, biyu na jefa a kwata don cikina ya cika. Na kakkaɓe jakar sama-sama na mayar masa. Har ya ce min na gode da na riƙe.

Ranar Litinin muka tarar da Malam a tsaye a lambu da yagaggun takardu a hannu. Bai yi faɗa ba. Mataimakin shugaban makaranta ne ya ɗauki zafi, ya sa aka zazzage jakar kowa a tsakar fili. A ƙasan jakar abokina aka samu gemun masara da guntun takarda mai ruwan ƙasa, da rabin lamba a rubutun Malam.

Bulala goma sha biyu a gaban asambuli. Yana kuka yana rantsuwa da Hausa, da Turanci, da yarensu. Ina layi na uku, ina kallon takalmina. Aka aika a kira babansa. Mutumin ya zo da rana tsaka, bai tambayi komai ba, ya saurari mataimaki har ƙarshe, ya ce ya gode. Ya kama hannun ɗansa suka fita. Daga ranar abokina bai sake zama a aji ba. Shago aka kai shi.

Washegari Malam ya shigo ajinmu, ya rufe ƙofa, ya zauna a bakin tebur.

“Ba shi ba ne,” ya ce. “Na gaya musu, ba su ji ba. Yaron da ya tashi a Sabon Gari bai san masarar da ta yi da wadda ba ta yi ba. Wanda ya shiga lambun nan ya danna kowace da farce, ya bar ɗanyu, ya murɗe goyon ƙasa yadda ba zai karya karan ba. Ɗan manomi ne. Har ya burge ni.”

Wasu suka yi dariya. Bai kalli kowa ba, tagar yake kallo.

“Ina lambu kullum bayan an tashi. Wanda ya yi ya zo ya ce min ni ne. Ba zan doke shi ba, ba zan kai shi ofis ba. Keke kawai za mu hau, ni da shi, mu je kasuwar Sabon Gari wurin mahaifin yaron nan, ya maimaita a gabansa.”

Da bulala ya ce, da na je. Na saba da ita. Amma in tsaya a gaban wancan dattijon, abokina na gefe yana ji, wannan ne na kasa. Kwana uku ina zuwa har bakin shinge, in hango bayansa yana tsugune, in juya. A rana ta huɗu ban je makaranta ba. Ta biyar ma haka.

Sau biyu Malam ya zo gidanmu. Duk biyun ƙararrawar keken na fara ji, na haura katanga ta bayan banɗaki. Innata ta ce ya zauna a tabarma ya sha ruwa, ya yi ta hira da Baba a kan taki, da zai tafi ya ce a gaya min kunyata na nan, ciyawa ta fara cinye ta. Bai faɗa musu komai ba.

Daga nan na shiga duniya. Na yi kwandasta a layin Samaru zuwa Sabon Gari. Na yi wankin mota a Kaduna, na sayar da gilashin ido a Kano, na bi manyan motocin tumatir har Legas. Duk inda na yi wata uku sai in ji garin ya ishe ni. Ina ce wa kaina ai abin da Malam ya ce ke nan, ka je ko'ina ka ga komai. Rabin maganar na ɗauka, wanda ya yi min daɗi.

Abin da zai ba mutum mamaki, abotarmu ba ta mutu ba. Bai taɓa zargina ba. Da na samu babur na fara acaɓa, a shagonsu nake gyara, in zauna a benci mu yi ta zagin juna. Wani lokaci ya kan ce, “Malo, in na kama wanda ya sa min gemun nan a jaka ko, sai na ci ubansa.” In ce ai kuwa ni zan riƙe maka shi. Uban na ciki a kan kujera, ba ya amsa gaisuwata sai da kai.

Da uban ya rasu, kusan wata biyu gawar na asibiti a ɗakin sanyi. Aka buga fosta da hotonsa aka manna a duk Sabon Gari, aka fitar da anko, aka jira 'yan'uwa daga ko'ina. Ranar da aka yi masa addu'a a nan kafin a wuce da shi garinsu, an buɗe akwatin, mutane suka bi layi suna tsayawa a kansa ɗaya bayan ɗaya, wasu har suna yi masa magana. Ni na yi jigilar kujeru, na kafa rumfa, na ci shinkafa faranti biyu. A nan na sa wa raina cewa haka Kirista suke yi, ba sa gaggawar binne mutum.

Malam ya yi ritaya ya koma wani ɗan gida da ya gina a unguwar Jama'a, nan kusa da Samaru. Sai ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi. Abokina ne ke zuwa duba shi ranar Lahadi bayan coci, shi da aka kora saboda masarar mutumin. Wata rana ina shago ya ce, “Malam na nemanka. Ya ce ka zo da babur ɗinka.”

“Da babur kuma?”

“Haka ya ce. Sau biyu ya maimaita, don bakin ba ya fita sosai.”

Na ce a raina tafiyar nan ce da ba mu yi a keke ba, yanzu yake so a yi ta a babur kafin ya mutu. Na ce gobe zan je.

Goben nan ta kai wata huɗu. Kullum sai na wuce mararrabar gidansa da fasinja, in ƙara wuta. Duk Litinin sai abokina ya ce min Malam ya sake tambaya. Da abin ya ishe ni sai na jingine babur a gida na bi motar tumatir.

Muna kusa da Jebba, ina saman kwanduna, waya ta yi ƙara. Iska na kaɗawa, da ƙyar nake ji.

“Malam ya rasu da asuba. Ka juyo.”

“Zan zo,” na ce. Layin ya yanke.

Na yi kuka a saman motar nan, ba zan ɓoye ba. Amma a ƙarƙashin kukan akwai wani abu mai kama da sauƙi, kuma shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa. Na ce yanzu zan iya. Za a ajiye shi ko mako uku ne, za a buɗe akwati, zan bi layi in tsaya a kansa in ce Malam ni ne, a hankali, ba wanda zai ji, shi kuma ba zai ce mu tafi ko'ina ba. Na wuce Legas. Muka sauke kaya. Na sayi baƙar riga a bakin titi. Abokina ya yi ta kira ranar da washegari, ina kallon wayar tana haske ban ɗauka ba, don ina tsoron abin da zai ji a muryata. Kwana tara na yi.

A Kwangila ta Zariya na sauka. Na fara duba ginshiƙan gada, da turakun lantarki, da bangon shaguna, ina neman fuskarsa a fosta don in ga ranar. Akwai ta wata tsohuwa, akwai ta masu wa'azi, akwai ta 'yan siyasa da ruwa ya wanke. Tasa babu. Na ce ƙila ba a buga ba tukuna. Na wuce kasuwa da baƙar rigata a leda.

“Yaushe ne?” na tambayi abokina.

“Yaushe ne me?”

“Jana'izar.”

Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni. “An binne Malam washegari, kafin azahar. Me kake tsammani nake ta kiranka a kai?”

“Ba Kirista ba ne?”

“Kirista ne mana. Amma Bahaushe ne irinka. Rabin gidansu Musulmi ne, yayansa ma har Makka ya je. Su ba sa kai mutum firiji. Fasto ya yi addu'a, 'yan'uwa suka haƙa, aka sa shi a bayan gidansu a ƙauye. Ni kaina da ƙyar na samu mota. Kai komai sai ka ce gobe.”

Na ɗauko babur na tafi Jama'a. Matarsa na zaune a baranda tana tsince wake, tsohuwa 'yar ƙarama da tabarau. Na durƙusa. Ban ma san irin gaisuwar da zan yi ba, sai na ce, “Mama, ya haƙuri? Allah ya ba ku dangana.”

“Mun gode Allah,” ta ce. Ta leƙa bayana ta ga abin da na jingine a ƙofa. “Kai ne mai babur ɗin.”

“Ni ne, Mama.”

“Ka makara, ɗana.” Ba da faɗa ta faɗa ba. Ta tura min kujera da ƙafa. “Ka san me yake so? Yawo. Tunda ya kwanta bai fita ƙofar nan ba sai asibiti. Da damina ta kama ya ce shi sai ya ga gonaki. A bi da shi ta Samaru, ta gaban makaranta, a fita hanyar Shika ya ga yadda dawa ta yi. Yara suka ce a mota, ya ce a'a, a mota ba a jin iska. Suka ce likita ya hana. Ya ce akwai wani yarona, ba ya jin maganar kowa, shi zai ɗauke ni. Har zani ya sa na ware wanda za a ɗaure shi a bayanka don kada ya zame. Duk Lahadi sai ya ce in sa masa hula.”

Can na ce, “Bai yi maganar masara ba?”

“Wace masara?”

Sai na gaya mata. Tun daga jakar har haura katanga. Ita ce mutum ta farko da na taɓa gaya wa, shekara goma sha ɗaya bayan abin. Ta daina tsince waken, ta saurara har na gama.

“Bai taɓa faɗa min ba,” ta ce. “Duk shekarun da ya yi yana koyarwa bai taɓa kawo min laifin ɗan wani gida ba. Labarinka da na sani, wai ka fi kowa gudu, kuma ka san ƙasa.” Ta cire tabarau ta goge da bakin zani. “Amma ba ni za ka gaya wa ba. Ni ba a doke ni ba.”

Na san in na kwana ba zan je ba. Daga gidan kasuwa na wuce kai tsaye. La'asar ta yi, yana jera fulogi a cikin kwali. Ban zauna a benci ba. Na tsaya a bakin kanta na ce, “Masarar Malam, ni ne na sata. Ni na sa a jakarka.”

Ya yi dariya tukuna. Da ya ga fuskata sai ya daina. Wani bakanike ya zo neman wayar birki, ya tashi ya ɗauko masa, suka yi ciniki, har ya yi masa wasa. Da mutumin ya tafi ya dawo ya zauna, ya ci gaba da jera fulogin.

“Bulalar ba komai ba ce,” ya ce, bai kalle ni ba. “Kwana uku ta warke. Ka san babana har ya mutu, in zai zagaya fitsari sai ya kulle durowar kuɗin nan ya tafi da makullin? Ina zaune a nan. Shekara takwas. A asibiti da ya ga abin ya yi tsanani, ƙanena ya kira ya ba shi makullin, ina tsaye a wurin. Malam ya zo nan da kansa ya ce masa ba ni ba ne. Ya ce wa Malam, to waye? Malam ya ce ba zai faɗa ba, mai shi zai zo. Babana ya ce in ya zo sai ya yarda.”

Sai a nan ya ɗago ya dube ni.

“Kullum kana nan a bencin nan. Yana ciki, taku biyar. Kuma ka ɗauki kujeru ranar addu'arsa.”

“Ka yafe min.”

“Ban sani ba tukuna.” Ya rufe kwalin. “Uwata na nan da rai. Ranar Lahadi bayan coci ka zo gida, ka faɗa a gabanta da ƙannena. Yadda ka faɗa min yanzu, kada ka rage komai.”

Na je. Falonsu ƙarami ne, duk suna cikin kayan coci, ba wanda ya ce in zauna. Na faɗa da Hausa, ƙanwarsa na mayar wa tsohuwar da yarensu inda ba ta gane ba. Da na gama sai uwar ta tashi ta je gaban hoton mijinta da ke jikin bango, ta yi ta yi masa magana da yarensu tana nuna ɗanta da hannu. Ta daɗe. Ban ji ko kalma ɗaya ba, kuma ba wanda ya fassara min wannan. Ƙanen da aka ba makulli ya fita waje ya tsaya.

Abokina ya rako ni har bakin ƙofa. Na miƙa hannu, ya duba titi ya ce in yi sauri hadari na haɗuwa.

Wata takwas ke nan ban bar Zariya ba, rabon da in daɗe haka tun ina makaranta. Ina acaɓata tsakanin Samaru da Sabon Gari. In na bi ta layinsu ina tsayawa in gaishe shi, yana amsawa, wani lokaci har ya tambayi jikin Inna. Bai ce in zauna ba tukuna, ni ma ban zauna ba.